Kaset Uku Kwamfuta Ta Cika

Gidan Dare, Sakkwato
Maris, 1998

Zuwa ga ƙanena Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahmatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kama gari.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Atika, ɗiyar Baba Ladan, malamar firamaren nan da ta iske ka a falo ranar sunan ɗan 'yar'uwarmu Sadiyatu a Kaduna bara, ta hana ka sakat da tambayoyi kan ƙaramar kwamfutar da ka ɗora bisa cinya. Kakarka Tani da mahaifin Baba ciki ɗaya sunka fito. Ko ba ka taɓa taka gidanmu ba, gidanku ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Baba. Bayan damina hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana jin komai, yana gane kowa, amma maganar da ta rage masa ba ta wuce "i" da "a'a" da "Allah" da sunana ba. Mutumin da in ya zauna ƙofar gida ba mai samun sararin saka baki.

Shekarun da kuɗin mai sunka cika ƙasa, Baba yana gyaran injina a kamfanin siminti na Kalambaina. Da anka yi musu ƙarin albashi, abokansa sunka sayi babura da gadajen ƙarfe, shi kuwa ya sayi rikoda. Ya rataya ta a kafaɗa shekara da shekaru. Ya ɗauki waƙar masu yankan shinkafa a fadamar ƙauyenmu, ya ɗauki tsofaffi suna jero asalin gida, ya ɗauki biki da suna, har baƙin da ke zuwa ziyara Hubbare daga Nijar sai ya zaunar da su ya sa su hira. Kaset ɗin sun cika akwatin ƙarfe biyu. Ban ƙirga ba, amma sun haura ɗari uku.

Yanzu su ne abincinsa. Kafin in fita makaranta nakan saka masa ɗaya, in dawo in iske shi ya jingina da bango, fuskarsa a sake. Matsalar ita ce sun tsufa. Zafi ya manne zaren wasu, wasu kuma rikoda ta tauna. A watan nan kaɗai biyu sunka lalace a hannuna, kuma duk wanda ya tsinke sai Baba ya wuni bai dubi kowa ba.

Ranar nan ka ce mini kwamfuta tana iya ɗaukar murya ta riƙe ta ba ta lalacewa. Gaskiya ne, ko ka faɗa ne don in bar ka ka huta? In gaskiya ne, yaya ake yi, kuma ina irinmu za su samu?

Na ba Gidaɗo, ƙanen mijina, takardar nan. Yana kai albasa Fatakwal, ya ce ya san unguwarku. Ta hannunsa za ka iya ba da amsa.

Yayarka,
Atika

*

Fatakwal
Afrilu, 1998

Zuwa ga Yaya Atika,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah. Muna lafiya, Rahmatu tana gaishe ki. Allah ya ba Baba Ladan lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Na gane ki tun layin farko. Ba a manta wanda ya tambaye ka ko kwamfuta tana gajiya. Takardarki ta iso da ƙamshin albasa, har abokan aikina suka riƙa leƙo teburina.

Gaskiya na faɗa miki. Kuma kin yi sa'a, na sayi sabuwa a watan jiya, tsohuwar tana ajiye ba ta yin komai. Ga ta nan na ba Gidaɗo. Rahmatu ta naɗe ta da zannuwa muka cusa cikin buhun gari, saboda in sojojin hanya suka ga abu mai allo da maɓallai, tambayar ba ta ƙarewa. Akwai wata siririyar waya a ciki. Bakinta ɗaya ki soka a ramin da ake saka abin ji na kunne a jikin rikoda, ɗayan a ramin kwamfuta da na manna wa jan tef. Sauran na zana miki a takarda mataki-mataki. Ki kunna kaset, ki danna jan ɗigo a allo, shi ke nan. Kada ki ajiye ta a rana, kada kuma a ɗora ta a kan katifa tana aiki, tana son iska ta ƙasa.

Batun wuri kuwa kada ya dame ki. Cikinta gigabait biyu ne. Ba sai kin san ma'anarsa ba, ki dai ɗauka babban rumbu ne. Shekara biyu ina zuba mata takardun aiki ban ci rabinsa ba, kuma yanzu na kwashe nawa duka.

Ni a Kaduna na tashi, Sakkwato sau biyu na taɓa zuwa ina yaro. Abin da nake tunawa shi ne wani dogon mutum mai baƙin akwati a kafaɗa yana bin mu yana cewa mu yi magana da ƙarfi. Ashe Baba ne. Ki gaya masa yaron nan mai kunya da ya ɓuya bayan randa yana gaishe shi.

Ƙanenki,
Siddiƙu

*

Gidan Dare, Sakkwato
Yuni, 1998

Ƙanena Siddiƙu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. An yi ruwan farko, gari ya ɗan yi sanyi. Baba yana nan yadda yake, ya fara riƙe kofi da hagu. Ina fata kuna zaune lafiya da abubuwan da ke faruwa a ƙasa tun rasuwar shugaban ƙasa. Mu nan kowa kunnensa na jikin rediyo.

Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Ban iya kwatanta maka murnar ba. Zanenka dai sai kai, na juya takardar sama da ƙasa ban gane ba, sai da na kira maƙwabcinmu Malam Barnabas. Tsohon abokin Baba ne tun Kalambaina, shi ke kula da wutar lantarki a can kafin ya yi ritaya. Ya saka tabarau, ya karanta, ya soka wayar, ya ce, "Yaron ga ya iya aiki, zane ne bai iya ba."

Baba da kansa ya zaɓi na farko, waƙar yankan shinkafa. Da ya ƙare na cire kaset ɗin na miƙa masa a hannu, sannan na danna kwamfuta, sai ga waƙar tana fita. Ya dubi kaset, ya dubi allo, ya sake duban kaset, ya ce "Allah." Na biyu na Malam Barnabas ne, ranar da anka raɗa wa ɗansa Dauda suna, marigayiya matarsa Esther tana jan waƙa mata suna amshi. Ya saurara a tsaye, ya cire tabarau ya goge, ya ce zai je ya duba akuyarsa.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Innata Kande ce, Allah ya ji ƙanta, tare da kakarka Tani, suna tsakar gida suna surfe suna hira, ba su san Baba ya ajiye rikoda bayan turmi ba. Kakarka tana cewa, "Ke Kande, wanga miji naki da akwatin nan nai, wata rana har tarinmu shi ka ɗauka." Inna tana dariya. Ina da wayo lokacin da ta rasu, amma wallahi na manta yadda take dariya sai ranar nan. Duk akwatunan biyu, nan kaɗai muryarta take, don ba ta yarda a ɗauke ta ba.

Ya shiga kwamfuta lafiya. Washegari Baba ya nuna yana son jin sa a rikoda kamar yadda ya saba. Yana tsakiya ta tauna shi. Malam Barnabas ya wuni da almakashi da jan farce yana liƙi, bai ɗinku ba, zaren ya zama kamar busasshen ganye. Na gode wa Allah da munka riga munka kwafe.

To, da na ɗauko na huɗu, sai kwamfuta ta fito da rubutu ta ƙi ɗauka. Malam Barnabas ya ce cewa ta yi ta cika. Na ce ba ya yiwuwa, ƙanena ya ce rumbu ce. Kaset uku, Siddiƙu. Saura fiye da ɗari uku suna kallona. Ina za mu zuba su? Ana ƙara mata ciki, ko kuwa sai an tara kwamfuta ɗari?

Yayarka,
Atika

*

Fatakwal
Yuli, 1998

Yaya Atika,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya, a gaida Baba. Gobe da safe jirgi zai kai mu wurin aiki cikin teku, zan daɗe kafin in sauko.

Gidaɗo ya zo, amma takardarki ba ta zo ba. Ya bar ta cikin motar da ta lalace musu a Lakwaja, ya ce yaron mota zai taho da ita. Da baki ya gaya mini wai kwamfuta ta cika daga kaset uku. Na gane abin da ya faru, murya tana cin wuri fiye da rubutu nesa ba kusa ba, ni ne ban lissafa ba. Ba abin damuwa ba ne. Ki goge ukun da ke ciki, gwaji ne kawai, ba su da amfani a yadda suke. Ki zaɓi masu muhimmanci ki ware su gefe, in na dawo zan nuna miki yadda za a yi.

Siddiƙu

*

Gidan Dare, Sakkwato
Agusta, 1998

Siddiƙu,

Ina fata ka sauko daga teku lafiya. Mu nan da sauƙi. Ruwa yana sauka sosai, gero ya yi kyau a ƙauye.

Takardarka ta same ni ina zaune kusa da Baba. Na saba karanta masa naka da ƙarfi don yana jin daɗi, shi ya sa ban fara dubawa ba. Sai da na furta "ki goge ukun da ke ciki, ba su da amfani" sannan na ji abin da bakina ya faɗa. Baba ya ce "a'a." Ya sake cewa "a'a." Ya ja jiki da hannu ɗaya, ya jawo kwamfutar, ya tura ta ƙarƙashin matashinsa. Da maraice ya sa jikansa ya kawo masa makullan akwatunan ya ɗaura a ƙugu. Tun ranar bai saurari kaset ko ɗaya ba. In na shigo ɗakin sai ya dafa matashi, ni ɗiyarsa.

Na san ka ce takardata ba ta iso ba. Na yi ta gaya wa kaina haka. Amma ko ba ka san kaset ɗin Inna ya tsinke ba, ko ba ka san kakarka tana ciki ba, yaya za ka kira muryar mutum gwaji? Kuma ka ce in zaɓi masu muhimmanci. Na zauna gaban akwatunan nan a zuciyata na rasa wanda zan ce ba shi da muhimmanci. Yawancin masu magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya, wasu ko hotonsu babu. Kai can kuna da injina da yawa, in ɗaya ya cika ku share ku sake. Mu nan abin da ke cikin wannan ƙarfen shi kaɗai ne.

Mijina ya ce in bari in huce kafin in rubuta. Na bari, ban huce ba. Malam Barnabas ya ce matasa haka suke rubutu in suna sauri, in yi maka uzuri. Shi ma fa Esther tana cikin ukun.

Ban goge ba, ba kuwa zan goge ba. In kana son kwamfutarka sai ka yi haƙuri, Baba yana kwance a kanta. Abin da ke tsorata ni shi ne damina. Ɗakin yana da laima, akwatunan suna kulle, ban san halin da kaset ɗin ke ciki ba.

Wata guda ke nan da rabi ban ji daga gare ka ba, Gidaɗo ma bai samu man tafiya ba sai yanzu. In ranka ya ɓaci da wannan takardar, ka dai ba ni amsa.

Atika

*

Fatakwal
Oktoba, 1998

Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Na sauko lafiya, iyali suna lafiya. Ina fata jikin Baba da sauƙi.

Takardunki biyu tare na iske su a gida. Na fara buɗe ta Agusta, na karanta ban gane laifina ba. Sannan na buɗe ta Yuni. Rahmatu ta shigo ta same ni zaune da takarda a gwiwa, ta tambaye ni wa ya rasu. Na ce babu kowa, kakata ce ta yi magana. Ina jariri ta rasu, Yaya. Ban san akwai inda muryarta take a duniya ba.

Raina bai ɓaci ba. Da na rubuta "ki goge", a zatona kaset ɗin uku suna nan lafiya cikin akwati, za a sake kwafe su ta hanyar da ba ta cin wuri. "Masu muhimmanci" kuma nufina waɗanda suka fi tsufa, mu fara da su kafin su lalace. Ban taɓa nufin a bar ko ɗaya ba. Amma abin da na rubuta shi kika karanta, kuma kin yi daidai da kika ƙi.

Ga abin da na aiko. Baƙin akwatin nan ƙarami na'urar rubuta faifan sidi ce, wani abokin aikina ya taho mini da ita daga waje. Akwai faifai sababbi cikin kwali. Ki fara da ukun nan, kowanne faifansa guda. Faifan da kika rubuta zai yi magana a duk rediyon da ke cin sidi, ba ruwansa da kwamfuta. Na Inna ki yi kwafi biyu ko uku. Kada ki goge komai sai kin ji faifan da kunnenki a wata na'ura dabam. Abu ɗaya za ki kiyaye: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, faifan ya lalace, amma na cikin kwamfuta ba abin da zai same shi.

Sauran kuma, akwai wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu da na rubuta wa "matsi". Abin da ke cikinsa yana matse murya ta ƙanƙance ba tare da ta canza a kunne ba, kamar yadda ake danna auduga a buhu. In an matse, faifai ɗaya zai ɗauki kaset wajen ashirin, kwamfutar kanta za ta riƙe masu yawa don Baba ya riƙa ji. Yana da jinkiri, sai haƙuri. Wannan karon ban yi zane ba, Rahmatu ce ta rubuta bayanin da hannunta.

Wannan sakin layin na Baba ne, ki karanta masa. Baba, Siddiƙu ne, jikan Tani. Ba wanda zai taɓa muryar Inna Kande. Ka riƙe kwamfutar a hannunka har sai ka ji ta tana magana daga wani wuri. In ba ka ji ba, kada ka yarda.

Ƙanenki,
Siddiƙu

*

Gidan Dare, Sakkwato
Nuwamba, 1998

Ƙanena Siddiƙu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ana ta girbi. Ka gaida Rahmatu, ka ce mata bayaninta ko ɗalibaina za su gane. Ka yafe mini zafin takardar nan, ko da yake ban janye duka ba.

Na karanta wa Baba sakin layinsa sau uku. Sai bayan kwana biyu, ina share ɗaki, ya ɗaga matashi da kansa. Amma bai saki kwamfutar ba, a cinyarsa munka yi aikin, na jawo wayoyi har bakin gadonsa.

Faifan farko ya lalace. Yana tsakiya anka ɗauke wuta, kamar yadda ka faɗa. Duk da ka gargaɗe ni, sai da na kunna na cikin kwamfuta na ji Inna tana nan sannan na iya tashi. Malam Barnabas ya ce ba za mu sake dogara da sa'a ba. Ya aro janareta a cocinsu, mijina ya zuƙo mai daga tankin babur ɗinsa, a wannan marra da ake kwana a layin mai. Da haka munka rubuta na biyu.

Dauda, ɗan Malam Barnabas, yana da rediyo mai cin sidi. Ranar Asabar da hantsi ya kawo shi ya ajiye a tsakar gida, nesa da ɗakin. Na kashe kwamfuta, na rufe ta, na zare duk wayoyin, Baba ya ɗora hannunsa na hagu a kanta. Dauda ya saka faifan. Sai ga ƙarar taɓarya daga tsakar gida, daidai inda turmin yake a da, sai ga kakarka tana tsokanar Inna. Baba ya juya kai wajen ƙofa kamar za ta shigo. Munka saurara har ƙarshe. Da ya ƙare, ya kwance makullan daga ƙugunsa ya miƙo mini.

Kwafi uku na yi. Ɗaya yana ƙarƙashin matashin Baba, ɗaya a gidan Malam Barnabas, na ukun ga shi cikin ambulan nan, naka ne. Ka zauna kafin ka kunna. Kakarka tana da baki.

Sauran biyun ma kowanne na yi masa faifansa, munka ji su a rediyon Dauda. Da lokacin gogewa ya zo hannuna ya ƙi. Na ce wa Baba ni dai ba zan iya ba. Ya dube ni, ya miƙo ɗan yatsa, na nuna masa maɓallin, ya danna da kansa. Sannan ya nuna akwati, wato in ɗauko na gaba.

Laima ta taɓa wasu na ƙasan akwati, sun yi fari-fari. Da su na fara. Biyu ba su ceto ba, sauran sun yi. Matsin nan naka kuwa jinkirinsa ya wuce yadda ka faɗa. Nakan kunna shi in fita makaranta, in dawo in iske yana ta fama, in wuta ta bari. Amma da na ga kaset guda ya koma ɗan mitsitsi, kwamfuta ba ta ko ji shi ba, sai na yi dariya ni kaɗai.

Yayarka,
Atika

*

Gidan Dare, Sakkwato
Maris, 1999

Ƙanena Siddiƙu,

Gaisuwa mai yawa. Na samu takardarka ta bayan azumi. Na ji daɗi da ka ce yaranka sun haddace maganar kakarka har suna kwaikwayon Sakkwatanci. Ka kawo su su ji na gaske. Baba yana samun sauƙi, yana takawa da sanda zuwa zaure. An yi zaɓe an gama, kowa yana jiran ya ga ko sojoji za su cika alkawari.

Akwati ɗaya ya ƙare kaf, na shiga na biyu. Abin da ya cika akwatin ƙarfe yanzu yana cikin gwangwanin alewa a kan kabad. Kowane faifai na yi masa kwafi na kai gidan Malam Barnabas, saboda kada su kwana ɗaki ɗaya. Kwamfuta kuma Baba ya iya zaɓen abin da yake so da yatsa, ba ya jirana.

Labari ya bazu. Mutane sun fara sallama. Wani dattijo Maccido ya taso daga ƙauye a bayan akori-kura, ya ce ya ji an ce babansa yana cikin wani ƙarfe a Gidan Dare. Na nemo masa, waƙar yankan shinkafar nan ce, babansa ke ba da waƙa. Ya saurara ya ce, "Shi na, walle shi na. Ashe ba shi da murya haka." Duk zauren sunka fashe da dariya, har Baba. Na juye masa a sabon kaset ya tafi da shi cikin hula.

To ga abin da ban zata ba. Bayan tafiyar Maccido, Baba ya yi ta nuna rikoda yana nuna ƙofa. Na ɗauka wani kaset yake so, na kawo wannan na kawo wancan, yana cewa "a'a." Malam Barnabas ne ya gane. Ya ce, "Ba ji yake so ba, ɗauka yake so. Ya yi takaicin mutumin nan ya tafi ba a ɗauke shi ba." Washegari Gidaɗo ya sayo sababbin kaset a kasuwa. Baba ya zaunar da Malam Barnabas a zaure, ya ɗora rikoda a cinya, ya danna jan maɓalli da babban yatsan hagu, ya yi masa nuni da haɓa. Malam Barnabas ya ce, "Shekara talatin muna tare, yau ka ga dama." Ya ba da labarin yadda ya baro garinsu cikin duwatsu da akwatin katako, ya sauka Sakkwato bai san kowa ba, Baba ya ba shi tabarma a ɗakinsa.

Na kwafe wannan kafin in koma kan tsofaffin. A ciki ana jin Baba yana cewa "i, i" a bayan maganar abokinsa, sau ɗaya kuma ya yi dariya doguwa. Na saurari wurin ban san sau nawa ba.

Tun ranar ba wanda ke wucewa ƙofar gidanmu lafiya. Ya ɗauki mai nono, ya ɗauki limamin unguwa, ya ɗauki Gidaɗo yana ba da labarin hanyar Fatakwal. Ya nuna mini da hannu cewa in kun zo babbar Sallah kai ne na farko, don haka ka shirya abin faɗa.

Lissafin faifan da ka aiko na tsofaffin kaset ne kaɗai, ba ka saka sababbi ba. Ka ƙaro kwali ɗaya ta hannun Gidaɗo. Ina kwafe ɗaya a rana in an samu wuta, Baba yana cika biyu.

Yayarka,
Atika